Adireshin Shafi a Damagaram: Sunan Haja Ko Sunan Shago?

Duk wanda ya ƙudura buɗe wa sana'arsa shafin intanet, kafin a kai ga maganar hotuna da launi, sai mai haɗa shafin ya tambaye shi, "Alhaji, wane suna za mu saya?" Sunan da yake nufi shi ne adireshin da ake bugawa a saman waya, mai ƙarewa da .com ko .ne, wanda ƴan aikin ke kira domen. A nan hanya take rabuwa. Ko dai ka tattara kalmomin da kake zaton mutane suna bugawa a Google ka manne su wuri ɗaya, ka samu abu kamar takalminfatazinder.com, ko ka sa sunan da aka san ka da shi, na shago ko na gida, a ce gidantsamiya.com. Akwai ta uku a tsakani, wato ɗan sunanka haɗe da kalma ɗaya ta sana'a ko ta gari, irin su tsamiyafata.com. Sunayen nan da irinsu na shagunan misali da za su biyo baya duk ƙirƙirarsu na yi don misali, ba na kowa ba ne.

Masu haɗa shafuka da yawa suna tura mutum ga ta farko, kuma hujjarsu ɗaya ce: wai in kalmar da ake nema tana cikin adireshin, Google zai ɗora ka a sama. A ganina hujjar ta tsufa, kuma ga mai sana'a a Damagaram ta fi rauni fiye da ga ɗan Paris ko ɗan Legas. Amma ba daga sama ta faɗo ba, don haka bari mu ba ta haƙƙinta tukuna.

Akwai lokacin da maganar gaskiya ce. A shekarun 2000 injin bincike yana ba sunan adireshi nauyi sosai, har mutane suka mai da abin sana'a: su sayi adiresoshi masu kalmomin da ake yawan nema, su zuba ɗan rubutu marar amfani da tallace-tallace, su hau sama su bar masu aikin kirki a ƙasa. A ƙarshen watan Satumba na 2012, Matt Cutts, wanda a lokacin yake shugabantar sashen yaƙi da shafukan banza a Google, ya sanar da wani gyara da zai sauko da irin waɗannan shafuka marasa inganci da suka dogara da suna kawai. Ya ce gyaran ya taɓa kimanin kashi 0.6 cikin 100 na binciken da ake yi da Turanci a Amurka. A lura da kyau, ba a hukunta kowa don ya sa kalmar haja a adireshi ba. Tsanin da ake hawa da shi ne aka janye. A yau jagorar da Google ya rubuta wa masu fara shafi tana faɗa a fili cewa kalmomin da ke cikin adireshi, su kaɗai, tasirinsu a kan matsayi bai taka kara ya karya ba, kuma mutum ya zaɓi sunan da ya fi dacewa da kasuwancinsa.

To me ya sa har yanzu kake ganin irin su Booking.com da Hotels.com a sama in ka nemi masauki? Saboda kamfanoni ne manya, masu shafuka miliyoyi, waɗanda jaridun duniya ke ambata, kuma kamfanin da ya mallaki Booking.com yana kashe biliyoyin dalar Amurka a talla kowace shekara. Da sunansu wani abu ne dabam, da can saman za ka same su. Haka ma in ka ji an sayar da voice.com a kan dalar Amurka miliyan 30 a 2019, wanda ya biya ba matsayi a Google ya saya ba, kalma ɗaya gajera ya saya wadda duk mai jin Turanci ba zai manta ba. Tsakanin wannan da takalminfatazinder.com akwai tafiya mai nisa.

Abin da ya rage wa adireshi mai kalmar haja ba a wurin injin yake ba, a wurin mutum yake. Wanda ya ga sunan a bayan adaidaita ko ya ji shi a rediyo ya san abin da kake sayarwa ba sai an yi masa bayani ba. Wanda ya nemi takalmin fata ya ga adireshi da kalmar a ciki, zai iya latsa shi kafin na kusa da shi. Sannan in wani shafi ya ambace ka ya sa mahaɗa zuwa gare ka, wato rubutun da ake latsawa ya kai mutum shafinka, sau da yawa sunan adireshin yake rubutawa, kalmar kuwa tana ciki, kuma Google yana duba rubutun da ke jikin mahaɗa don ya gane abin da shafi ya ƙunsa. Waɗannan ba ƙarya ba ne. Sai dai na biyun ma ya ragu, don tun 2022 sakamakon bincike a waya yana nuna sunan shafi da ɗan tambarinsa a sama, adireshin kuwa ƙanana ne haruffansa, ba kowa ke karanta su ba. Abin da ido ke kamawa shi ne kanun shafin, kuma kanun kai kake rubuta shi, ko mene ne adireshinka.

Yanzu mu dawo gida, don a nan ne lissafin yake canzawa.

Dabarar sa kalmar nema a adireshi ta ginu a kan cewa akwai kalma ɗaya da yawancin masu saye ke bugawa. Ɗan Ingila mai sayar da takalmi yana da wannan gatan. Baduku a unguwar Birni ta Zinder ba shi da shi. Ma'aikaci a Yamai da yake son takalmin Damagaram zai buga "chaussures en cuir Zinder" ko "sandales cuir Niger". Ɗan kasuwa daga Kano ko Daura zai buga "takalmin fata" ko ya buga da Turanci. Ɗan gari da yake ci-rani a waje zai iya rubuta Damagaram a inda na farko ya rubuta Zinder. Tun kan sunan garin ma an rabu biyu, ba a kai ga haja ba. Dokar ƙasa ta 2025 ta sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Turanci harsunan aiki, amma yatsun wanda ya yi lakwal har yanzu da Faransanci suke tambayar Google, in kuma ya rubuta Hausa to da ƙa'idar Faransanci yake rubuta ta.

Wannan na ƙarshen shi ne babban rami. Mai kilishi zai sa kilishi ko kilichi? Mai cuku zai sa cuku ko tchoukou? Zango ko Zengou? Mirya, Miriya ko Mirriah? Tanut ko Tanout? Duk inda Hausa ta sa sh wani zai sa ch, inda ta sa c zai sa tch, inda ta sa u zai sa ou. Shafi yana iya ɗaukar duka: ka rubuta kilishi a kanu, ka ambaci kilichi a cikin bayani, ka yi sashen Hausa da sashen Faransanci, kowa ya same ka ta ƙofar da ya shigo. Adireshi kuwa rubutu ɗaya yake ɗauka. In ka gina shi a kan kalmar nema, ka zaɓi rabin masu saye ke nan ka bar rabi, kuma ribar da ka bar su dominta ma ƙarama ce.

Sai maganar ƙugiya. Adireshi na yau da kullum haruffan a zuwa z yake karɓa, da lambobi, da karan ɗori, kuma ba ya wuce haruffa 63 kafin ɗigo. Akwai tsarin da ke ba da damar sa haruffa na musamman, amma a ƙarƙashi yana juya sunan ya koma wani abu mai farawa da xn-- wanda wasu manhajoji ke nunawa haka tsirararsa, kuma mutum nawa ne suka saita ɗ da ƙ da ƴ a allon rubutun wayarsu? Don haka tela zai haƙura da dinki, mai ƙira zai haƙura da kira, wanda kuma kowa zai ɗauka kiran waya ne. Kalmomin sana'a da yawa a Hausa ƙugiya gare su. Sunan shago kuwa kai kake zaɓa, kana iya kauce musu.

Amma kada a ce na yi son kai: matsalar rubutu biyu tana cin sunan shago ma in ba a kula ba. Ko tsamiyar da na kawo misali, wani tsamia zai rubuta. Bagaruwa suna ne mai kyau ga mai aikin fata, tunda da ita ake jima, amma ɗan lakwal bagaroua zai buga. Abin nema shi ne kalmar da hannun mai boko da hannun mai Faransanci za su rubuta iri ɗaya, irin su kalgo ko dabino. Sunaye kamar Alheri, Nasara da Rahama sun tsallake wannan jarrabawar, sai dai sun faɗi wata: daga kasuwar Dole zuwa Sabon Gari ba ka ƙirga shagunan da ke ɗauke da su, kuma an riga ka saye su a .com tuntuni. A nan ne hanya ta uku take shigowa, za mu je kanta.

Gwajin da na fi yarda da shi ba a kwamfuta ake yin sa ba, da baki ake yi. Ka ɗauka an samu takalminfatazinder.com a hannun wani, sai mai haɗa shafi ya ce a sa karan ɗori a tsakani, ya zama takalmin-fata-zinder.com. Google ba ruwansa da karan ɗori, ba ya rage maka komai. Amma ga baduku riƙe da waya a kunne, ɗayan hannun da basilla, yana faɗa wa wata mai saye a Yamai:

"Hajiya, rubuta takalmin, sai ɗan layin nan na tsakiya. A'a, ba na ƙasa ba, na tsakiya. Sai fata, sai layi kuma, sai Zinder."

"Takalmi ko takalmin?"

"Da n a ƙarshe."

"Kai, Malam, don Allah ka turo min a WhatsApp kawai."

Ta WhatsApp ɗin ma za ta zo, tunda latsawa za ta yi. Amma wadda ta gani a ƙafarta a wurin biki ta tambaye ta ina ta saya, me za ta ce mata? Ba za ta jero kalma uku da layi biyu ba. In sunan Kalgo ne, sai ta ce, "Na Kalgo ne, a Zinder suke." A garinmu ciniki ta baki yake tafiya, ta saƙon murya da talla a rediyo da hirar majalisa, kuma mutane da yawa da ke sayen kayanka sun fi jin daɗin saurare a kan karatu. Sunan da baki ba zai ɗauka ba ya rasa hanyar da ta fi kowace kawo mutane.

Akwai kuma abin da ke faruwa bayan ƙawar nan ta ji sunan. Ba za ta buga adireshi cikakke da ɗigo da com ba, kusan babu mai yin haka a waya. Sunan za ta buga a wurin bincike. In ta buga "Kalgo Zinder", kai kaɗai ne, kai za ta gani. In sunanka "takalmin fata Zinder" ne, abin da ta buga tambaya ce ta kowa da kowa, Google zai jero mata duk masu takalmi, har da maƙwabcinka da ya fi ka hotuna masu kyau. Tallarka ta kai masa mai saye. Daidai yake da ka kama shago a layin ƴan atamfa cikin kasuwar Dole ka rubuta "Shagon Atamfa" a allo: ba ka yi ƙarya ba, amma wanda aka aiko wurinka bai san ƙofar da zai tsaya ba.

Ta fuskar girma ma sunan haja yana ɗaure mutum. Ƴan kasuwarmu ba sa zama a kan abu ɗaya. Mai takalmi gobe zai ƙara jaka da matashin fata da sirdi, mai kayan gyaran moto zai shigo da falankin sola, mai shago a Zinder zai buɗe wani a Maradi ko Agadas. Adireshin da ya ce takalmi kuma ya ce Zinder ya rufe ƙofa biyu a lokaci ɗaya. Amazon da littattafai ya fara a 1995. Da sunansa ya ɗaure shi da littafi, da sai ya canza kafin ya sayar da firji. Jumia ma, da aka kafa a Legas a 2012, sunanta ba ya faɗin abin da take sayarwa.

Maganar doka ba ta da tsawo amma tana da nauyi. Nijar tana cikin OAPI, hukumar da ke Yawunde mai rajistar tambarin kasuwanci wa ƙasashe 17, kuma rajista ɗaya tana kare ka a cikinsu duka na shekara 10, ana sabuntawa. Sai dai kalmar da kawai take bayyana haja, irin "takalmin fata", ba a ba mutum ɗaya ita ya hana saura. Gobe wani zai sayi takalmanfatazinder.com, bambancin harafi ɗaya da naka, ba ka da bakin magana. Sunan da ka ƙirƙira kuwa kana iya yi masa rajista. Nijeriya ba ta cikin OAPI, don haka mai kasuwa a Kano rajistar can daban ce. Wani abu kuma da masu gyaran waya da masu kayan mota ke faɗawa: sa sunan kamfanin wani a adireshi, irin su Tecno ko Toyota, don shi mutane ke nema. Akwai tsarin sasanta rikicin adireshi tun 1999 wanda ya shafi .com, kuma mai tambari yana iya shigar da ƙara a karɓe adireshin daga hannunka ba tare da an je kotu ba. Duk wahalar da ka sha a kansa ta tafi.

Ga mai otel, da mai farmasi, da mai gareji, da makaranta mai zaman kanta, akwai abin da ya fi adireshi muhimmanci nesa ba kusa ba. In baƙo ya sauka tasha ya buga "hôtel à Zinder", abin da ke fara fito masa taswira ce da ƴan wurare a ƙarƙashinta. Shiga wannan jerin ba ya biyo ta domen, ta bayanin kasuwanci na Google yake biyowa, wanda kyauta ake buɗewa. Google ya ce abu uku yake dubawa a nan: dacewar wurin da abin da aka nema, kusancinsa da mai nema, da shahararsa. Wato ka zaɓi rukunin sana'a daidai, ka dasa alamar a kan ƙofarka ba a tsakiyar unguwa ba, ka sa lambar da ake ɗauka, lokacin buɗewa, hotuna na gaskiya, kuma baƙinka su riƙa rubuta ra'ayinsu. A garin da kwatance ya fi lambar gida aiki, alamar taswira mai kyau ta fi kowace kalma a adireshi. Ƙa'idarsu kuma ita ce sunan da ka sa ya zama sunan da ke allon ƙofarka. In ka cusa masa "meilleur hôtel pas cher Zinder", ana iya dakatar da kai.

Wasu sukan ce, to a sayi biyun mana, sunan shago da sunan haja, a juya ɗaya zuwa ɗaya. Babu laifi, amma ka san abin da ka saya: adireshin da ba ya yin komai sai tura mutum zuwa wani adireshin ba ya ƙara wa babban shafinka matsayi. Amfaninsa kawai ya tare wanda ya buga shi kai tsaye, ko ya hana wani ɗauka. Inda wannan ya fi dacewa shi ne rubutu biyu na sunanka, ka sayi mai u da mai ou. Abin da ba a yi shi ne buɗe shafuka huɗu masu rubutu iri ɗaya, wannan Zinder, wancan Maradi, na uku Tawa, na huɗu Diffa, duk suna kai mutum ga lamba ɗaya. Google ya lissafa wannan cikin dabarun banza da yake hukuntawa. Haka ma sayen tsohon adireshin da wa'adinsa ya ƙare don a ci gajiyar sunan da ya yi a baya a zuba masa abin da ba shi da alaƙa: a watan Maris na 2024 aka sa shi cikin jerin.

Ƙarshen adireshi shi ma zaɓi ne, kuma yana haɗe da wanda kake son ya same ka. Namu na Nijar .ne ne, na Nijeriya .ng. Google yana ɗaukar ƙarshen ƙasa alamar cewa shafin na mutanen ƙasar ne, ko da yake shi kansa ya ce alama ce mai ƙaramin nauyi. Makaranta, asibiti ko ƙungiya da duk mutanenta a Nijar suke, .ne ya dace da su kuma yana ba da kwarjini. Yana da wata fa'ida ma: sunaye gajeru da aka daɗe da kwashewa a .com sau da yawa suna nan a buɗe a .ne. Amma a wurin dillalan waje ya fi .com tsada, kuma mutane suna rikita shi da .net, sai ka ce "ne" wani ya ƙara t da kansa. Mai sayarwa Kano, da ke kilomita kusan 240 daga nan, alhali Yamai ta kusa 900, ko mai sayarwa ƴan uwa da ke Turai, .com ya fi masa, don ba ya jingina shi ga ƙasa ɗaya. Sabbin ƙarshe irin su .shop da .store ba sa ƙara matsayi, Google ya faɗi haka tun 2015, kuma wasunsu arha ne shekarar farko, tsada a ta biyu. Akwai .africa tun 2017 ga mai so. Kuɗin .com a shekara yakan kama tsakanin jika 6 da jika 12, ya danganta da dillali da canjin dala. Ko mai kalmar haja ne ko mai sunan shago, kuɗin ɗaya ne, sai in kalmar tana hannun ɗan tsimi da ya saya don ya sayar, a nan sai abin da ya yanka. Ban ga dalilin da mai sana'a a Zinder zai biya wannan ba.

To wa ya kamata ya ɗauki wanne?

Adireshi mai kalmar nema tsantsa ya dace da shafin da abu ɗaya zai yi har ƙarshensa, kuma ba suna yake son ginawa ba. Misali, shafin da zai riƙa sanar da farashin gero da wake a kasuwannin jihar, daga Dole zuwa Mirya da Magarya, ko jagorar baƙi mai bayanin fadar Sarkin Damagaram da lungunan Birni da tarihin garin da ya riƙe hedikwatar Nijar har 1926. Irin wannan, in kalmomin biyu ne, gajeru, marasa ƙugiya, rubutunsu ɗaya, to a ɗauka. Ba don zai hau sama da kansa ba, don mai gani ya gane nan take.

Sunan shago tsantsa ya dace da wanda an riga an san shi, ko wanda ya san sana'arsa za ta yi rassa. Ɗan kasuwar da ya gaji suna daga mahaifinsa, wanda in aka ambata a Zango kowa ya san gidan, asara ce ya ajiye shi ya ɗauki kalmomin da kowa ke da su.

Ga mafi yawan mutane kuwa, ta uku nake ba da shawara: suna ɗaya naka, kalma ɗaya ta bayani, ba ƙari. Wace kalma za ka haɗa, ta haja ko ta gari, ya danganta da wanda ba zai canza ba. Otel ba ya tashi daga inda yake, don haka kalgozinder.com ya yi masa. Baduku kayansa ke tafiya, amma fata ba za ta bar hannunsa ba, don haka kalgofata.com ya fi, kuma fata ta fi takalmi faɗi, ta rufe jaka da sirdi. Kada ka haɗa uku. Da zarar ya zama kalgofatazinder ka koma inda ka gudo. Sauran kalmomin duk su tafi inda suke aiki da gaske: kanun kowane shafi, sunan kowane kaya, bayanin da ke ƙarƙashin hoto, da Hausa da Faransanci. Don sanin waɗanda mutane ke bugawa ba sai ka biya kowa ba. Ka fara rubuta sunan hajarka a Google ka ga abin da yake cika maka, ka kuma koma saƙonnin masu saye a wayarka ka duba yadda su da kansu suke rubuta ta.

Wanda ya riga ya sayi dogon suna kuma shafin yana kawo mutane, kada ya yi gaggawar canzawa. Ƙaura tana yiwuwa: ana sa turawa ta dindindin mai lamba 301 daga kowane tsohon shafi zuwa sabonsa, a sanar da Google ta Search Console, wato dandalinsa na masu shafuka, a ci gaba da biyan tsohon adireshin aƙalla shekara ɗaya, in da hali fiye. Amma matsayi yakan yi tangal-tangal na makonni ko watanni, ga allon shago da kati da imel da za a sake. In sunan bai hana ka komai ba, ka bar shi, ka sa sunan shagonka ya fito sosai a saman shafi da kanu, a hankali mutane su riƙa nemanka da shi.

Ko wanne ka zaɓa, ka zauna kusa da mai haɗa shafin ranar saye. Da yake da katin banki ake biya, kuma ba kowa ke da shi ba, yawanci shi ke biya da nasa, sai ya yi rajistar da sunansa da imel ɗinsa ba da wata mugunta ba. Ranar da ya koma Yamai ko kuka saɓa, adireshin nasa ne a takarda. Ka ce masa, "Malam, biya da katinka in ba ka kuɗin, amma suna da imel da lambar waya nawa za ka sa." Ka karɓi kalmar sirri, ka shiga da wayarka a gabansa ka ga ta buɗe. Ka rubuta ranar da wa'adin zai ƙare, don adireshi haya ce ta shekara-shekara. In ta wuce akwai ɗan lokacin rangwame, bayansa kwana 30 na fansa da kuɗi mai yawa, daga nan sai a sake shi ga duk wanda ya riga. Ana iya biyan .com har na shekara 10 a gaba, kuma in aljihu zai ɗauka, biyan shekara 2 ko 3 a tashi ɗaya ya fi dogaro da saƙon tunatarwa da zai shiga imel ɗin da ba ka buɗewa.